'Ya'yan Malam Danda Huɗu Ne

Ranar Litinin da hantsi aka gaya wa Sakina, cikin ladabi kuwa, cewa a takarda ita ba 'yar Nijar ba ce.

A jastis ɗin Tasawa aka gaya mata, wato gidan shari'a, inda ta je neman takardar zama 'yar ƙasa, wadda 'yan boko ke kira nasiyonalite. Shekara huɗu ke nan tana aikin ungozoma a wani ƙaramin asibitin ƙauye can wajen Kanan-Bakashe, aikin sa kai, babu albashi sai "Allah shi saka". Sai bana gwamnati ta buɗe jarrabawar ɗaukar ma'aikata, ta ce kowa ya kai takardunsa Maradi kafin a tashi aiki ranar Alhamis. Sakina ta haɗa komai, saura wannan guda ɗaya. Ita a ganinta aikin rabin awa ne. Wa zai zauna yana shakkar ƙasarsa?

Magatakardan kotu, wani siririn mutum mai suna Abdurrahamane, ya juyo mata da takardar haihuwarta ya ɗora yatsa.

"Madam, duba da kanki. Sunan uba, Yakubu, haihuwar Najeriya. Sunan uwa, A'i, ita ma haihuwar Najeriya."

"To ni hwa?" in ji Sakina. "Nan anka haihe ni. Cibiyata tana bizne ƙasar Hawandawaki. Nan na yi lakwal, nan na yi zaɓe, ga katina."

"Na ji. Amma haihuwa cikin ƙasa ita kaɗai ba ta ba mutum ƙasa, katin zaɓe ma haka. Sai an duba uba ko uwa. Ke kuwa naki duka biyu baƙi ne."

"Ai ba su sunka haihe ni ba!"

Abdurrahamane ya ajiye alƙalami ya dube ta. Da gani ba yau ya fara jin wannan magana ba.

Gaskiya ta faɗa. Sakina 'yar fari ce a gidan Malam Danda, manomi a wani ƙauye bayan Hawandawaki, kusa da iyaka. Uwarta Hafsatu daga tsallaken iyaka aka auro ta. A wajen mutanen Malam Danda kuwa kunyar ɗan fari ba abin wasa ba ce. Uba ba ya kiran sunansa, ba ya ɗaukarsa, ba ya haɗa ido da shi, in ana ƙirga 'ya'ya ma sai a tsallake shi. Da aka yaye Sakina, sai yayan uwarta, Kawu Yakubu, tela a Tasawa, ya zo ya ɗauke ta, da yake shi da matarsa A'i Allah bai ba su haihuwa ba. Da ta isa shiga lakwal, wato makarantar boko, aka nemi takardar haihuwa, Kawu ya aika ƙauye a tambayi Malam Danda. Amsa ta dawo gajeriya: abin da aka ba ka naka ne, ka rubuta sunanka. Kawu ya rubuta, kowa ya yaba da kara irin ta manya. Yau ga Kawu da Inna A'i duk sun riga mu gidan gaskiya, sun bar Sakina da takarda mai ɗauke da karar da aka yi shekara ashirin da suka wuce.

"Akwai gyara," in ji Abdurrahamane. "Jibi Laraba alƙali na zama. Ki zo da mahaihinki na gaskiya, da takardunshi, da shaida. Shi tsaya gaban alƙali shi ce ke ɗiyatai ce. In ya hwaɗi, ni zan tsaya a yi miki komi ranar, ki kama motar Maradi da sahe."

"Shi hwaɗi da bakinshi?"

"Da bakinshi. Magana guda ce."

Magana guda! Sakina ta yi wani murmushi wanda ya fi kuka ciwo. Shekararta ashirin da bakwai a duniya, ba ta taɓa jin sunanta a bakin mutumin nan ba.

Ran Talata ta hau kabu-kabu sai ƙauye. Hanyar duk rairayi ce, sau uku tana sauka mai babur yana turawa. Ta tarar da Malam Danda a masussuka ana casar wake, shi da amininsa Gambo, wanda suka tashi tare tun suna kiwon awaki. Ta durƙusa ta gaishe su. Gambo ya amsa da fara'a har da zolaya, wai likita ta zo a ɓoye masu ciwo. Malam Danda kuwa sai ya tattara hankalinsa kan wani buhu, ya shiga ɗaure bakinsa kamar a kansa za a yi masa hisabi.

"Mutanen Tasawa ne?" ya tambayi buhun. "Sun zo lahiya?"

Haka ake hira da shi. Ita ta gaya wa Gambo, Gambo ya maimaita, shi kuma ya amsa wa iska, alhali tsakaninsu bai fi taku uku ba. Da ta zo wajen da aka ce ita ba 'yar ƙasa ba ce, sai ya saki buhun.

"Wa ya hwaɗi haka? Gambo, ka ji mini zancen wohi! Kakana ya gina rijiyar garin ga. Ana cewa wani baƙo cikin gidana?"

Sakina ta ji sanyi a ranta. Cikin gidana, ya ce. Ko wannan ma ba ta saba samu ba.

Ya wuce gida fuu, ya fito da wani tsohon gwangwanin madara, ya zazzage shi a kan tabarma. Takardun lanho ne, harajin kai da ake biya duk shekara, an ninke su ɗaya bayan ɗaya, wasu sun yi ja, wasu gara ta ɗanɗana.

"Ga shi nan. Tun ina saurayi ban taɓa tsallake shekara ba, har shekarun yunwa. Wanda ya biya lanho shi ne ɗan ƙasa, shi da abin da ke cikin gidanshi. In alƙali ya ga wanga, magana ta ƙare."

"Baba Gambo," in ji Sakina, "ka hwaɗa mishi ba takardar lanho aka so ba. Tambaya tai za a yi, shi amsa da bakinshi."

Gambo ya maimaita, yana sosa ƙeya.

"Alƙalin Nasara ne?" in ji Malam Danda.

"A'a, Bahaushe ne."

"To madalla. Ai ya san yadda aka yi. Bahaushe ba shi sa dattijo shi tuɓe gaban jama'a."

Ta so ta ƙara magana, ya riga ya juya baya. A cikin gida uwarta ta ajiye mata ƙwaryar fura a gindin zana, ba ta ce ga naki ba, ta koma bakin murhu. Sai da Sakina za ta fita ta ji ta tana gaya wa tukunya cewa mai nema shi ke lallashi. Sakina ta so ta tambayi tukunyar shekara nawa ake lallashi, amma ta haɗiye.

Ran Laraba Malam Danda ya shigo Tasawa cikin babbar rigarsa ta Idi, gwangwani a hammata, Gambo na biye. Zauren shari'a cike yake da masu neman takardu da masu rigimar gona, har da wasu 'yan ƙauyensu biyu da suka zo kan iyakar fadama. Da Sakina ta hango su sai ta kawar da kai. Da a ce baƙi ne zalla, da sauƙi.

Alƙalin matashi ne mai tabarau, maganarsa a hankali. Da aka kira su, Malam Danda ya tuɓe takalmansa tun daga nesa ya durƙusa. Alƙali ya ce ya tashi, a nan a tsaye ake magana. Ya duba takardun tsohon, ya gyaɗa kai, komai daidai: haifaffen ƙasa, ɗan haifaffen ƙasa.

"Baba, mi kake yi?"

"Noma, ranka shi daɗe. Hatsi da wake."

"Ɗiyanka nawa?"

"Huɗu."

Bai ko yi tunani ba. Haka ya saba amsawa a wajen suna, a wajen biki, a wajen masu ƙidaya, shekara da shekaru. Alƙalamin Abdurrahamane ya tsaya cak a sama. Sakina ta ji kamar an watsa mata ruwan randa.

"Huɗu," in ji alƙali. "Hwaɗa mini sunayensu."

"Yusuf, Hafiz, Bintu, da auta Rayyanu."

"To wagga da ke tsaye kusa da kai hwa?"

Malam Danda ya dubi bango.

"Ta Yakubu ce, Allah shi jiƙanshi."

Alƙali ya cire tabarau ya goge. Mutumin kirki ne, a faɗi gaskiya, kuma ya yi iya ƙoƙarinsa.

"Baba, na san Yakubu ya riƙe ta. Ni ma ɗan fari ne, wajen kakata na tashi, na san abin da kake ji. Amma takarda ba ta san kunya ba, abin da anka hwaɗi shi take ɗauka. Ba riƙo nike tambaya ba. Wa ya haihe ta?"

'Yan ƙauyen nan biyu sun miƙo wuya. Malam Danda ya dubi rufi, ya dubi ƙafarsa, zufa ta karyo masa ta ƙarƙashin hula.

"Ranka shi daɗe, Allah ne mai halitta."

Wani ya tuntsire da dariya a baya, aka tsawata masa. Gambo ya matso.

"Allah shi ba ka nasara, kowa ya sani garinmu. Ni na yanka ragon sunanta da hannuna."

"Malam Gambo, kai shaida ne," in ji alƙali. "Shaida bayan mai magana yake tsayawa. Ga mai magana ya ce huɗu, ya ce ta wani ce. Bayan wa za ka tsaya?"

Nan ne Malam Danda ya ga lokacin hujjarsa ya yi. Ya buɗe gwangwani ya jera takardun lanho a kan tebur, yana lallashe kowace da tafin hannu. Alƙali ya duba biyu don girmamawa, ya ce waɗannan sun nuna Baba mutum ne mai biyan hakkin hukuma, amma ba su nuna wa ya haifa ba. Tsohon ya dubi takardunsa. A saninsa babu takardar hukuma da ba ta da farashi. Ta lanho da kuɗi, ta shiga kasuwa da dabba da kuɗi, to wannan don ta fi su girma ai sai dai ta fi su tsada. Tun jiya ya sayar da wakensa don haka. Ya laluba aljihu ya fito da ƙunshi a ƙulle cikin tsumma, ya ajiye a gaban alƙali a bainar jama'a, da zuciya ɗaya.

"Ga na takardar. In bai kai ba a yi mini haƙuri zuwa kasuwa mai zuwa."

Fuskar alƙali ta canza.

"Ɗauke kuɗinka, Baba. Ɗauke! Ba a saida ƙasa nan. Don hurhurarka na yi kamar ban gani ba." Ya juya ga Abdurrahamane. "A ɗage sai mako biyu. Shi je shi yi tunani."

Sakina ta yi magana da Faransanci, abin da ba ta taɓa yi a gaban mahaifinta ba. Ta roƙi alƙali, ta ce gobe ake rufe karɓar takardu, shekara huɗu tana jiran wannan jarrabawa, ba wanda ya san ranar da za a sake buɗe wata. Ya saurare ta har ta gama, sannan ya amsa da Hausa don kowa ya ji.

"Madam, na tausaya miki. Amma ba ni rubuta abin da ba a hwaɗa ba."

Aka kira masu rigimar gona.

A waje, gindin wata bishiyar bedi, Malam Danda ya zauna yana mayar da takardunsa cikin gwangwani. Abin da ya fi ƙona wa Sakina rai shi ne mutumin bai ma san an yi asara ba.

"Ya gane," yake gaya wa Gambo. "Na ga idonshi. Ba ka ji ya ce shi ma ɗan fari ne ba? Gaban mutane ne ba shi iya amsar kuɗin. In an watse shina sa hannu."

"Baba," in ji Sakina.

Bai juyo ba.

"Baba, da kai nike. Dube ni."

Gambo ya ce subhanallahi, ya fara ba ta haƙuri. Ta ɗaga masa hannu. Ta ci gaba da maganarta.

"Ba shi sa hannu. An gama. Gobe waɗanda munka yi karatu tare za su kai takardunsu, ni in koma ƙauye in ci gaba da amsar haihuwa kyauta. Ɗiyan mutane nike amsa da hannuna, in rubuta sunan ubansu, uban na tsaye yana washe baki. Ni nawa uban an tambaye shi sau ukku. Ban taɓa roƙonka komi ba. Ban ce ka kira ni ba, ban ce ka zo bikina na gama lakwal ba. Magana guda na roƙa."

Malam Danda ya rufe gwangwanin a hankali.

"Gambo, hwaɗa mata..."

"Kada ka hwaɗa ma Baba Gambo. Ga ni nan."

Malam Danda ya ajiye gwangwanin. Da ya buɗe baki, ƙasa yake kallo, amma dai ba da Gambo yake ba.

"Yakubu ya ci da ke, ya sha da ke, ya biya karatunki da allura da zare. Yanzu shina cikin ƙasa, ba shi da bakin magana. In tashi gaban 'yan garinmu in ƙwace abin da na ba shi? A koma gida a ce Danda ya jira mutum ya mutu ya amshe kyautarshi?"

"Kawu ya gama nashi, Allah shi saka mishi. Ba shi bukatar ɗiya yanzu. Ni ke bukatar uba, na minti guda, kuma ban samu ba."

Ta juya ta bar su a nan. Ba ta son su ga hawayenta, don haushi ne ya kawo su, kuma ta san za su ɗauka nadama ce. Ta shiga gidan wata ƙawarta a bayan kasuwa, ta yi azahar, ta zauna tana kallon takardunta. Ga shaidar karatu, ga ta likita, ga hotuna huɗu da ta yi kwalliya ta ɗauka. Ta yi fushi da tsohon, ta yi fushi da Kawu da ke kabari, ta yi fushi da kanta da ba ta taɓa karanta takardar haihuwarta da idon basira ba. Da fushin ya rasa inda zai sauka, sai ta tuna tsofaffin nan biyu ba su ci komai ba tun safe, kuma ba su san inda ake samun babur na komawa ba. Ta ja tsaki ta ɗauki mayafi.

La'asar ta kusa lokacin da ta koma. Gambo kaɗai ta tarar a gindin bedi yana gyangyaɗi. Ya ce amininsa ya ce zai zaga, bai dawo ba. Farfajiyar jastis ta watse, ba kowa sai awaki. A bakin ƙofar zauren shari'a ta ga takalman mahaifinta a jere.

Ta matsa. Zauren babu kowa sai wani dattijon masinja yana jan bencina yana shara. Malam Danda na tsaye daidai inda ya tsaya da safe, hannuwansa a baya, yana fuskantar kujerar alƙali, kujerar kuwa wayam.

"Ranka shi daɗe," ya ce. "Biyar ne. Na yi kuskure ɗazu. Biyar ne, Sakina ce babba. Ni na haihe ta. Ranar Juma'a ce, ana ruwa."

Masinja ya dakata da tsintsiya a hannu.

"Baba, da wa kake? Alƙali ya tahi Maradi tun azahar."

"To kai ka rubuta."

"Ni? Ni shara tawa. Ko magatakarda ya tashi."

"Ka dai ji na hwaɗi. Ka zama shaida."

"Na ji, Baba, amma jina ba shi yi maka komi. Ka dawo Litinin, shina nan. In ka roƙe shi ƙila shi saurare ka."

Sakina ta dafa ƙyauren. Ashe haka sunanta yake a bakinsa. Ya ja shi a hankali, kamar mai taka ƙasar da bai sani ba. Ta yi shekaru tana ƙiyasta ranar da za ta ji shi, ba ta taɓa kawowa zai zo mata tare da baƙin ciki irin wannan ba. Daɗi ya cika ta, haushi ya cika ta, ta rasa wanda za ta fara ji.

Malam Danda ya juyo zai fita, ya gan ta. Ta jira ya kawar da kai yadda ya saba. Bai kawar ba. Idanunsa sun yi ja, yana dubanta kai tsaye, da fatan yaro a fuskar tsoho.

"Sakina," ya ce. "Litinin ta yi?"

"Ba ta yi ba, Baba."

Ta sunkuya ta juya masa takalmansa.